Ranar da Kakana Ya Kori Tafinta

Jiya da hantsi maƙwabciyata tana wanke wa ɗanta rubutun sha, iska ta ƙetaro katanga da ƙanshin jiƙaƙƙen allo. Ka san shi in ka taɓa kusantarsa: itacen da ya sha ruwa, da ƙaro, da ɗan ƙaurin tawada. Shara nake yi a lokacin. Sai kawai na gan ni zaune a ƙasa da tsintsiya a hannu, ban san sa'ar da na zauna ba. Ban yi kuka ba. Kwanakin nan ba na kuka, ba na jin yunwa, in an kira ni sai an maimaita. In ka ga rubutun nan yana hawa yana sauka, ka yi haƙuri da ni.

A wani ƙauye aka haife ni, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙafa daga Tsarnawa. Gidanmu babba ne, gona ɗaya, rumbuna huɗu, kuma kakana na wajen uba shi ne mai gida. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Bai yi gaba da kowa ba a ƙauyen, ko wanda akuyarsa ta ci masa wake. Mutum iri ɗaya ne a duniya ba ya son gani, shi ne tafinta.

Dalilin kowa ya san shi a gidanmu, don yakan faɗa yana tufkar igiya a gindin gawo, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Yana sabon magidanci, zamanin Nasara, aka kira shi gaban kwamanda a Ƙonni kan wani jaki da ya shiga gonar da bai kamata ya shiga ba. Magana uku ya yi: jakin ba nasa ba ne, bai san mai shi ba, a bar shi ya koma ga shukarsa. Tafintan ya juya ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, maganar da ta fi tasa tsawo sau goma. Kwamanda ya yi dariya, sannan ya ɗaure fuska. A ranar aka haɗa kakana da wasu aka tura su aikin hanya, damina guda da rani guda. Da ya komo, ya tarar an rufe ɗansa na fari. Yakan ƙarasa labarin da cewa, “Har gobe ban san abin da mutumin nan yac ce na ce ba.” Sai ya tofa yawu a tafi ya ci gaba da murza igiya.

Shi ya sa shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, wasu gidaje suna ɓoye nasu cikin rumbu, shi kuwa ya kama hannuna da kansa. Ƴan’uwana maza sun wuce shekaru, ni ce hannuna ya zagaya kai ya taɓa kunne daidai, alamar na isa shiga. Mata suka yi ta surutu, wai ɗiya mace. Ya ce da su, “Ba wanda za shi ƙara ɗaukar maganata shi shiga da ita inda ba ni gani. In za a ɗauka, jinina za shi ɗauka.” Ya kai ni aka rubuta sunana.

A lakwal Faransanci ne daga ƙofa har tabulo, allon bango. Wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, a rataya masa ƙashin jaki a wuya da igiya, ya yini yana farautar wanda zai miƙa wa. Sau biyu kacal na rataya shi. Kaina yana ɗauka da wuri, kuma ina da dalilin da sauran yara ba su da shi. Kafin in kai aji huɗu ni ke karanta takardar allurar shanu, da wasiƙar ɗan maƙwabcinmu da ke soja, da abin da buron noma, wato ofishinsu, ya rubuto kan iri. In takarda ta zo, kakana sai ya shiga ya sako babbar riga, ya shimfiɗa buzu, ya ce, “Amarya, taho ki gaya mani mi sunka ce.” Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In na gama ba ya tambayar kowa. Abin da na faɗa shi ne takardar.

Na ci jarrabawa na shiga koleji a Ƙonni, aka ajiye ni gidan gwaggona. Can ne aka ce akwai wani harshe kuma, Ingilishi, dole ne ga kowa, wanda bai kawo maki a cikinsa ba yana iya maimaita aji. Mushen, wato malamin da ke koya mana, mutumin kirki ne, amma shi ma ina jin a littafi ya haɗu da harshen. Littafi ɗaya mu huɗu. A ciki akwai wani mutum da ke tambayar ƙarfe nawa jirgin ƙasa zai tashi, da wata mata da ke sayen tuffa a kanti. Ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ba mu taɓa ganin tuffa ba. Muna haddacewa kamar karatun allo, mushe ya ce kaza, mu amsa kaza. Ni kuwa hadda ba ta yi mini wuya. Na samu sha bakwai bisa ashirin, aka rubuta da jan biki, wato biro, a kayena, littafin rubutuna.

Da hutu kakana ya tara mutane a zaure ya sa ni in yi musu. Na tsaya na zama mai tambayar jirgi, na juya na zama mai ba shi amsa. Wani tsoho abokinsa ya ce, “Ke ɗiya, zagi wanga mijin naki da shi mu ji!” Aka yi ta dariya. Kakana ya tambaye ni, wannan na waɗanne Nasara ne? Na ce na hukumar Nijeriya ne. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, “To, madalla. Yanzu ko nan ko ƙetare, muna da baki.” Abin da ban gaya masa ba shi ne, a tashar Ƙonni nakan ji direbobin kudu suna magana da junansu, in tsaya in kasa kunne, in kasa tsintar ko kalma ɗaya. Na ɗauka wani harshe ne dabam suke yi. Ko kuwa na so in ɗauka hakan.

Ina da shekara sha uku aka yi ta koro baƙi daga Nijeriya. Bazara ce, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Manyan motoci suna shigowa Ƙonni shaƙe da mutane, da katifu, da bokitai, da rediyo a ɗaure cikin zane. Babana yana can kudu shekara biyu, yana dako a bakin teku. Kullum innata sai ta fito bakin kwalta ta tsaya da ƙanena a baya, tana duba fuskoki. Mutanen ƙauyenmu duk suka iso, ban da shi. Sai wani mutumin Dogarawa ya biyo ta gidanmu ya ce ya gan shi. Ya faɗo daga mota, ƙarfe ya yage masa ƙwauri, ba ya iya takawa, an sauke shi a wani buro a wani gari can ƙetaren iyaka. Ya ce ƙafar ta fara wari. Ya ce a yi sauri.

Ran Litinin da la’asar sai ga kakana a gidan gwaggo, da alluna biyu a hammata. Ɗaya malam ya riga ya rubuta addu’ar buɗin baki a kansa. Ɗayan sabo ne fil, a kasuwa ya saye shi, don kada a haɗa aya da abin da ba aya ba. Ya miƙo mini alƙalamin kara da tawada ya ce in ɗauko kayena in kwafe Ingilishin a kai. Na ce, “Kaka, wannan ba a shan shi.” Ya ce, “Ba don lada ba, don halshe. Abin da ya shiga ciki ba shi ɓacewa gaban hukuma.” Na zauna na kwafe darasin jirgin ƙasa daga hagu zuwa dama, kara yana ƙaƙarewa a kan itacen. Gwaggo ta wanke a ƙwarya biyu. Na sha na farko, na sha na biyu. Yana tsugune yana kallon maƙogwarona yana motsi. A nan ne ya kamata in ce ban iya ba. Na buɗe baki, sai na ga yadda yake kallona, sai na ce, “Na shanye.”

Washegari muka ƙetara. Ban riƙe hanyar ba, sai zafi da ƙarar ƙofar taksi da aka ɗaure da waya. Buron yana cikin wani fili mai shingen ƙarfe, mutane zazzaune a inuwar bango da ƙunshin kayansu. A bakin ƙofa akwai benci, a kansa wani dattijo cikin kaki, da tsage a kumatu, Bahaushe ne kamarmu. Shi ne masinja. Ya amsa sallamarmu da fara’a, ya ji abin da ya kawo mu, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

“Oga ba shi jin Hausa, baƙo ne. Ku taho in shiga da ku in gaya mashi.”

Kakana ya ɗaga hannu. “Zamna abinka. Na taho da bakina.”

Masinjan ya dube ni daga ɗankwali har silifa. “Wagga? Tsoho, ba lakwal ba ce nan.”

“Na san irinku,” in ji kakana, muryarsa a kwance. “Na san aikinku tun ba a haife ka ba.”

Fuskar mutumin ta canza. Ya ce, “To, Allah shi ba da sa’a, kai da bakinka.” Ya ɗauki butarsa ya fita daga filin, bai waiwayo ba.

Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da fankar da ba ta juyawa, da wata ƙofa a rufe ta baya. Jami’in gajere ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ba mugu ba ne, ina so ka riƙe wannan. Ya nuna wa kakana kujera, ya yi mini murmushi. Na gaishe shi yadda yake a shafin farko na littafi, ya ɗaga gira ya amsa. Na ji kakana ya gyara zama. Na faɗi sunan babana. Ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa, ya tsaya a wani wuri, ya ɗago. Sannan ya fara magana.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Kamar ruwan sama a kan rufin kwano, kana jin yana zuba amma ba ka iya raba ɗigo da ɗigo. Mushenmu yakan ajiye kalma, ya jira, ya ajiye wata. Wannan bai jira ba. Ya yi magana, ya nuna littafi, ya yi magana, ya dubi agogonsa. Ina tsaye ina jiran in ji wata kalma da na sani in kama, babu. Kunnuwana suka fara kuwwa. Can ya tsaya.

“Mi yac ce?” in ji kakana.

Na kalli littafin da ke kan tebur.

“Amarya, mi yac ce?”

Sai a karo na uku na ji bakina ya ce, “Ya ce mu komo ran Juma’a.”

Ban ji hakan daga mutumin ba. Na ɗauko ta ne daga burorin da na sha raka kakana a Ƙonni, inda kullum abin da ake cewa ke nan. Kuma wani wuri a cikin kaina yana cewa, daga Talata zuwa Juma’a kwana uku ne, zan sami mushe, zan koya, zan komo in gyara.

Jami’in ya jawo wata takarda ya turo gabanmu, ya buɗe gwangwanin tawadar dangwale. Nan da nan kakana ya cusa hannayensa cikin riga. Bai taɓa dangwala yatsa a takardar da ban karanta masa ba. Ya ce, “Ta mi ce?” Na duba. Duk haruffan na san su, ɗaya bayan ɗaya, amma sun ƙi haɗuwa. Na ce, “Ta ran Juma’a ce.” Ya miƙe. Murmushin jami’in ya ɓace. Ya ɗaga murya, yana nuna ƙofar baya, yana nuna agogo. Ya leƙa waje ya kira masinja sau biyu, ba kowa a benci. Sai ya sunkuyo daidai fuskata ya yi mini wata gajeriyar tambaya, a hankali, ya sake maimaitawa. Na gane tambaya ce don ƙarshenta ya tashi sama. A aji, in ba ka gane tambaya ba, sai ka ce i, mushe ya wuce ga na kusa da kai. Na ce masa i da Ingilishi. Ya daɗe yana kallon kakana. Sannan ya rufe littafin.

Kwana ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Kakana ya zauna gidan gwaggo yana jan casbi, yana gaya wa duk wanda ya shigo yadda na tsaya gaban mai kaki ban ƙifta ido ba. Ran Laraba na je har ƙofar gidan mushe. Na tsaya a rana ina kallon kekensa a jingine. Me zan tambaye shi? Ko sauti ɗaya ban riƙo ba daga abin da mutumin ya faɗa, balle in maimaita a fassara mini. Na juya na koma. Na buɗe littafi na sake haddace darasin mai sayen tuffa.

Ran Juma’a masinjan yana kan bencinsa yana ɓare goro. Da ya hango mu ya ce, “A’a, masu baki ne sunka komo?” Sai ya dubi fuskar kakana da kyau, ya ajiye goron.

“Tsoho, wai da gaske ba ka san abin da anka yi ba?”

“An ce mu komo yau.”

“Wa yac ce? Ɗanka yana bayan ƙohwar nan, kwance bisa tabarma, sa’ad da kake zamne. Yatsa ɗai anka ce ka dangwala, shaidar ka amshe shi da ransa, ka ɗauki abinka ka tahi. Oga ya gaya maku mota za ta kwashe marasa lahiya da la’asar. Ya tambayi ɗiyag ga har sau biyu, ba ku son ɗaukar shi ne? Tac ce i.”

Kakana bai dube ni ba. Ya tsuguna a wurin, cikin rana, ya cire hula ya riƙe, ya sake mayarwa. Can ya ce wa mutumin, “Ka gafarce ni.” Masinjan ya ce, “Allah shi gafarta muna duka. Ni ma da na haɗiye na tsaya.” Ya faɗi sunan babban garin da aka kai su, ya ce bai san wace likita ba, wato wane asibiti.

A hanyar tasha kakana yana gaba ina baya. Ya tsaya har na iso, ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ni na kori mutumin nan. Ke ba ki ce komi ba. Kin ji?” Na ce na ji. Ya saka ni mota zuwa Ƙonni, shi ya nufi babban garin. Kwana tara ya yi yana bin ƙofofi, ya komo shi kaɗai da leɓe a tsattsage. A gida ya tara mutane ya ce, “Sun hana mu shi. Ɗiyag ga ta yi iyakar yinta.” Innata ta jawo ni ta rungume, ina jin ƙasusuwan ƙirjinta. Ruwan farko ya riga ya sauka yana can, shekarar a makare muka yi shuka.

Babana ya iso lokacin kaka, ana yankan gero. Wata motar siminti mai komawa Malbaza ce ta sauke shi a bakin kwalta. Ina gida hutu, ina sussuka da mata, muka ga wani mutum yana tahowa ta cikin karan gona, yana tsayawa yana hutawa, da sanda a hammata. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take, an soke ta da ƙaya daga gwiwa. Innata ta ajiye taɓarya a hankali, kamar tana tsoron kada ta farka wani. Babana ya ce likitan can da ya yanke ƙafar ya gaya masa da an zo da shi da wuri da wanki da allura sun isa. Ya faɗa ba da ƙorafi ba, yana shan fura. Ni ce na riƙe masa ƙwaryar.

Bayan nan kakana bai canza mini fuska ba. Yana ce mini amarya, yana sa babbar riga in takarda ta zo, yana kira na in karanta. Sai wata rana a kasuwar Tsarnawa na hango shi tsugune gaban mai rubuta wasiƙu, da takardar allurar shanun da na karanta masa a jiyan, ana sake karanta masa. Yana sauraro, kansa a ƙasa. Na ɓuya bayan rumfar mai gishiri har ya tashi. Bai san na gan shi ba. Bayan damina biyu ya rasu, ba mu taɓa komawa kan maganar ba.

Labarin da ya bari shi ya yi ta girma. Babana ya ji shi daga bakin mutane, ya ƙara masa nasa. Tunda ba ya iya noma, yana sayar da fetur a kwalabe a bakin kwalta, kuma duk direban da ya tsaya sai ya ji cewa ɗiyarsa tana da shekara sha uku ta yi wa mai kaki Ingilishi har ya miƙe tsaye. Na gama koleji, na ci jarrabawar ƙarshe, har da maki mai kyau a Ingilishin, don darasin jirgin ƙasa aka tambaye ni. Na yi aure a Ƙonni. Mijina ya bi wani abokinsa zuwa Amurka, shekara uku ke nan. Watan jiya ya aiko da takarda cewa hanya ta samu in bi shi, amma sai na je Yamai an yi mini tambayoyi, kuma can ɗin in ba ka jin Ingilishi ba aiki, ba takardar zama ɗan ƙasa, ko likita ba ka iya zuwa kai kaɗai. Babana ya ce wannan ai wasa ne a wurina. Ya ce zai raka ni Yamai da sandarsa, don wancan karon bai gani da idonsa ba.

Kwana shida ke nan da na je na same shi a bakin kwalta. Yana ɗura kwalba da mazurari. Na tsuguna na gaishe shi na ce, “Baba, ban iya ba.” Ya yi dariya ya ce kunya ce. Na ce, “Ban taɓa iyawa ba. Ran nan ba hana mu kai anka yi ba.” Na faɗa masa duka, da masinja, da takarda, da i ɗin da na ce. Muryata ba ta yi rawa ba, ta fito kamar ina ba da hadda. Bai daina ɗurawa ba har kwalbar ta cika zuwa wuya. Ya toshe ta, ya jera ta cikin ƴan’uwanta.

“Tsoho ya sani?”

“Ya sani.”

“Shekararki nawa sa’an nan?”

“Sha uku.”

Ya daɗe yana kallon kwalta. Sannan ya ce, “Ƙohwar nan shuɗiya ce daga ciki. Kwana huɗu ina kallonta.” Aka kira la’asar. Ya ce in miƙo masa sandarsa, na miƙa, ya tafi masallaci. Na jira har aka fito, ya bi ta wata hanya.

Yanzu abubuwa sun canza, ina gani. Yaran Ƙonni suna tsintar Ingilishi a gidajen bidiyo da bakin tasha, suna ciniki da direbobin kudu suna yi musu ba’a, ba wanda ya ba su maki. Kowane gida yana da mai karanta takarda, wani gidan uku, in ɗaya ya ɓata ɗaya ya gyara. A buro mutum yakan ce ban gane ba a sake faɗa, ba ya jin ya kunyata kakanninsa. A zamanina ni kaɗai ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya mini ana iya faɗin haka. Takardar mijina tana nan cikin akwati, ban amsa ba.

Yau da safe innata ta shigo kasuwa ta biyo ta gidana. Ta ce babana lafiya lau, yana cin abinci, yana fita sana’arsa, sai dai ya rage surutu da direbobi. Ba ta san komai ba, na gani a fuskarta. Da za ta tafi ta kwance bakin zane ta fito da wata takarda da ta sha ninki, ta likita ce, ta maganin hawan jinin da yake sha tun bara, wadda na karanta masa da kaina, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da marece. Ta ce ya ce a tambaye ni, wai daidai na karanta?

Faransanci ce. Na san kowace kalma a cikinta. Na duba sau biyu, na ce ta gaya masa daidai ce. Har ta kai zaure na kira ta. Na ce ta biya wajen mai sayar da magani a bakin kasuwa, shi ma ya duba.